Jan Biron Yaya Sa'idu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ranar da aka kira ni daga wani asibiti a Abaji aka ce in zo, mijina ya yi hatsari a hanyar Lakwaja. Ko da na isa an riga an lulluɓe shi da zanen wata mai sayar da doya, wadda har yau ban san sunanta ba, Allah Ya saka mata da alheri. Duk shekara in wannan wata ya kama sai in soya waina in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Bara ne auren 'yarmu Safiya ya taso, kuma wani littafi da ubanta ya bari ya shiga tsakaninta da wanda take so. Ni na buɗe littafin da hannuna. Safiya ta karanta wannan rubutu kafin in aika da shi, ta ce in bar shi yadda yake.

Sunansa Sa'idu, amma ni Yaya nake ce masa tun ina yarinya har muka rabu, domin mahaifinsa da nawa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ba wanda ya haɗa mu. In za a faɗi gaskiya ma ni na fara sonsa, tun yana zuwa hutu daga jami'a da wandonsa mai faɗin ƙafa da tabarau kamar gindin kwalba, yana gyara wa kowa magana har da tsofaffi. Ya yi karatun yadda halitta take bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya, ya je waje ya ƙaro, ya dawo ya kama aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya a nan Abuja. Ni kuma malamar firamare ce, ajin farko na fi daɗewa ina koyarwa.

Daga can waje ya taho da wata dabara da ta shiga ransa. Ya ce a ƙasashen Turawa sunan dangi yana bin zuriya daga kaka zuwa jika zuwa tattaɓa kunne, ba ya canzawa. Saboda haka in ka sami wani ƙauye da ke maƙale a bayan duwatsu, sai ka ɗauko rajistar aurensu ka ƙirga sau nawa ango da amarya suke da sunan dangi ɗaya tun kafin a ɗaura. Da wannan kaɗai za ka iya kintatar yawan auren dangi a garin, da yadda mutanen suka killace kansu, da irin cututtukan gado da za su iya yi musu yawa, ba tare da ka soki kowa da allura ba. Ya ce zai gwada a kan mutanenmu. Shekara biyu yana bin katunan asibiti da takardun kotu, yana dawowa gida da ƙurar tsofaffin fayiloli a hannun riga, ni ke wankewa.

Wata Asabar da hantsi ina tsince shinkafa a kan teburin cin abinci, ya ajiye takardunsa ya ce ya gama, kuma sakamakon ya ba shi mamaki. Wai lissafi ya nuna auren zumunci kusan babu shi a tsakanin 'yan Arewa mazauna Abuja. Na ɗago kai na dube shi, na ga da gaske yake. Na ce, "Yaya, mu fa, a wane layi ka sa mu?"

Mutumin da nake kira Yaya safe da yamma, a takardarsa ni da shi bare ne, don shi sunan garinmu yake amsawa a baya, ni kuma sunan babana. Nan na ture faranti na karanta masa abin da kowace malamar ajin farko ta sani. Na ce ai mu muke ƙirƙirar sunan nan da kake ƙirgawa. Yaro ya zo ranar farko, sai mu tambaye shi sunan babansa mu rubuta. In an sami Musa Ibrahim biyu a aji, sai mu liƙa wa ɗaya sunan garinsu ko unguwarsu don kada maki ya cakuɗe. Na tuna masa shi kansa hedimasta ne ya ba shi sunan gari, ƙanensa yana amsa sunan mahaifinsu, autansu kuma sarautar kakanmu aka rubuta masa. Gida ɗaya, suna uku. Sannan duk wanda ya fito daga garinmu sunan garin yake ɗauka, ko da kakansa baƙo ne da ya zo cin rani. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Da farko dariya nake yi masa, har na ga fuskarsa na daina.

Dole in faɗi abin da ya sa wannan aiki ya wuce aikin ofis a wurinmu. Ɗanmu na fari, wanda har yau ba na iya faɗin sunansa, ya zo duniya lafiyayye, har ya fara rarrafe. Sai ya fara ƙin nono, jikinsa ya saki, ya daina riƙe wuyansa, bai kai shekara biyu ba ya koma. Muka ce ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce. Safiya ta biyo shi, ita lafiya lau. Bayan ranar shinkafar nan da kamar shekara ɗaya aka haifi Usman, shi ma ya bi hanyar wansa taki ɗaya bayan ɗaya, ina kallo, na san abin da zai biyo baya kafin ya zo. Likitoci suka ce ba sikila ba ce, wata cuta ce ta gado da ba kasafai ake ganinta ba, wadda sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye take bayyana. Ba su iya tantance ainihin wacce ba ce kafin ya cika. Na yi baƙin ciki irin wanda ban san ana yi a rayu ba. Yaya kuwa bai yi kuka a gabana ba, sai ya sayo wani littafi mai baƙin bango da jan biro.

Tun da suna ya ci amanarsa, sai ya ce zai je wurin mutane ya tambaye su da baki. Akwai wata ruga a lokacin a bayan Tungan Maje, in ka bar titin Gwagwalada ka gangara, inda aka ce masa ana yawan haifar yara kurame. Ya ja ni muka riƙa zuwa tare ranakun Asabar, don matan rugar ba za su yi maganar haihuwa da namiji ba. A can ma suna bai taimake shi ba. Rabin mazan Buba ne ko Muhammadu, mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, yaran da suka mutu kuwa ba a ƙirga su da baki. Ardon rugar, wani dattijo siriri mai yawan murmushi, ya bar shi ya yi ta fama da takarda har rana ta take. Daga nan ya kama hannunsa ya kai shi garke, ya cafko kunnen wani maraƙi ya nuna masa tsaga biyu a gefe da ɗan yanka a tsini. Ya ce, "Oga, ga sunanmu nan."

Ashe kowane gida a cikinsu da irin tsagar da yake yi wa kunnen shanunsa, ɗa ya gada daga uba, ba hedimastan da zai canza ta. Abin da Yaya ya yi shekara biyu yana nema a cikin fayil, ga shi yana kaɗa ƙuda. Ranar ya dawo gida kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Daga nan aikin ya miƙe. Ni in zauna da mata a gindin bukka, in tambayi kowacce irin tsagar shanun gidan ubanta da ta gidan uban mahaifiyarta, ta zana mini a ƙasa da tsinke. Shi kuma ya bi maza, yana rubutawa a littafin nan mai baƙin bango. Da muka haɗa, sai ga shi yawancin yaran da ba sa ji sun fito ne daga auren da tsagar uwa da ta uba iri ɗaya ce, wani lokaci har hawa uku a jere.

Bai taɓa ce musu auren zumunci haramun ne ba, don ba haramun ba ne, kuma shi ba mai wasa da addini ba ne. Abin da ya tambayi Ardo kawai shi ne, me ya sa duk bayan 'yan shekaru suke sayo bijimi daga wani garke? Ardo ya yi dariya ya ce kowa ya san in aka bar garke da jininsa kaɗai maruƙa lalacewa suke yi. Sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ce ya gane, amma in ya ba da 'yarsa waje, shanunta ma waje za su bi ta, kuma in bare ya wulaƙanta ta wa zai kai wa ƙara? Na ji daga baya an aurar da jikokin Ardon biyu a wata ruga ta wajen Abaji, amma ba zan ce saboda mu ba ne.

A hanyar dawowa daga rugar nan ne, wata rana da la'asar, muka tsaya a bakin titin Tungan Maje sayen gasasshiyar masara. Na yini ina zaune da wata mata mai yara uku kurame, kuma duk yinin Usman nake gani. Muna cikin mota na ce masa, "Yaya, da ka san abin da ka sani yanzu kafin aurenmu, da ka aure ni?"

Na ɗauka zai ce haba Binta, wace irin magana ce wannan. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu alhali motar a kashe take. Ya ce, "Da na fasa."

Kwana uku ban yi masa magana ba. Na dafa masa abinci, na goge masa kaya, amma bakina a rufe. Bai janye maganar ba, bai kuma yi mini bayani ba, ni ma girman kai ya hana ni sake tambaya. Muka ci gaba da zama lafiya, har da dariya da tsokana, amma kalmomin nan suna nan a ƙirjina kamar ƙayar kifi. Har ya rasu ban yafe masa su duka ba, wannan kuma yana cikin abubuwan da nake roƙon Allah gafara a kai.

Sau da yawa nakan ce da zai leƙo yau, me zai ce? Rugar nan babu ita, an yi rukunin gidaje a wurin, da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Na taɓa tsayawa na tambayi mai gadin ina Fulanin da ke nan suka koma, ya ce shi tun da ya zo bai ga saniya ba. Wannan zai yi masa zafi ƙwarai. Zai yi dariya kuwa in ya ga yadda kwamfuta ta tilasta mana sunan dangi, ba katin ɗan ƙasa ba fasfo sai ka cike wannan gurbi, har matasa sun fara ba 'ya'yansu sunan kaka don takardu su yi daidai. Zai ce to, nan da shekara ɗari dabarata za ta fara aiki. Zai ji daɗin yadda limamai da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Amma na san zai ɗaga yatsa, yadda yakan yi, ya ce gwajin sikila sikila kaɗai yake gani.

Wannan ɗaga yatsan ne ya hana ni sukuni bara, da ƙanena Habu ya zo nema wa ɗansa Nura auren Safiya. Yaran su suka daidaita kansu. Nura yaron kirki ne, injiniya, tun rasuwar Yaya shi ke duba mini mota da janareta, bai taɓa shigowa gidan nan bai durƙusa ba. Mahaifiyarsa ma 'yar dangi ce. Suka je aka gwada jininsu, babu sikila ko ta ɓoye, Habu ya ɗauki hoton takardar ya watsa a zauren dangi na waya, aka yi ta barka. Safiya tana ta sheƙi. Yarinyar da ta rasa uba tana shekara goma sha shida, ban ga ta yi farin ciki irin wannan ba tun lokacin. Ni kuma na san akwai littafi mai baƙin bango a ƙasan akwatin zannuwana, na kuma san shafukan ƙarshe ba na ruga ba ne, don ina ji yana kiran gwaggonninmu a waya yana yi musu tambayoyi. Shekara goma ban buɗe shi ba.

Na buɗe shi wata Lahadi bayan azahar. Jan biron yana maƙale a tsakiya. Ya zana danginmu kaf tun daga kakan kakanmu, maza da mata, wa ya auri wa, wa ya haifi wa. Duk yaron da ya mutu kafin yaye da irin ciwon 'ya'yanmu ya kewaye shi da ja. Na ƙirga tara, namu biyu a ciki. A takardun asibiti yaran nan suna da sunan baya har kala shida, ba likitan da zai taɓa zaton gida ɗaya ne. Biyu daga cikinsu ƙannen mahaifiyar Nura ne. Na bi layin Safiya da yatsa, na bi na Nura, suka haɗu a sama ta hanya huɗu. A gefen shafin ya rubuta da ƙananan haruffansa: "Binta, in lokaci ya yi ki nuna wa Safiya. Kada ki yanke mata hukunci."

Na fara zuwa wurin Habu a shagonsa na kayan mota kusa da tashar Jabi, don ban so ya ji a bakin wani. Ko kallon littafin bai yi ba. Ya ce an yi gwaji an gama, me kuma nake nema? Ya ce raɗaɗin rashin 'ya'yana ne yake sa ni ganin mutuwa a ko'ina, kuma rai da ajali ba a hannun mai biro suke ba. Na ce haka ne, amma wanda ya halicci ajali shi ya halicci sani. Ya ce, "Yaya Binta, so kike ki ce wa duniya jininmu ba shi da kyau?" Na ce jinina ne ni ma. Ya kira wani mai saye ya juya mini baya, na tsaya kamar minti biyar, na fito.

Da na nuna wa Safiya, sai ta ɗauki littafin ta shiga ɗaki. Daga baya ita da Nura suka je wurin wata likitar cututtukan gado. Likitar ta gaya musu gaskiya. Ta ce za su iya haifar yara goma duk lafiya, za su iya kuma ganin abin da na gani. Ta ce da an san ainihin sunan cutar da sai a neme ta a jininsu, amma tun da yaran sun tafi ba a tantance ba, ko an aika jini waje ba ta da tabbacin da za ta ba su. Nura ya ce shi ya yarda, ko me ya zo za su ɗauka tare. Wata biyu yarinyar nan tana ramewa a gabana. Na cika wasiyya, ban ce mata yi ko bari ba, amma Allah Ya sani sau nawa na ciji harshena.

Wata safiya ina shanya a bayan gida ta zo ta tsaya tana miƙo mini kaya daga bokiti. Ta ce, "Umma, da Abba ya sani kafin ya aure ki, da ya fasa?"

Shekara fiye da ashirin ina ɓoye amsar nan, ban taɓa gaya wa ko mahaifiyata ba. Na so in ce mata ban sani ba. Na so in ce ai da ya fasa da babu ke. Sai na ce, "Na tambaye shi. Ya ce da ya fasa."

Ta ce, "Kuma yana sonki?"

Sai da zan ba ta amsa na gane abin da na kasa ganewa a cikin motar nan. Mutumin da ya tsaya a bayana sau biyu ina rungume da yaro yana sanyi a hannuna, ba guduna yake cewa zai yi ba. Cewa yake da ya gwammace ya rasa ni da ya ga wannan. Na ce mata, "Ban san wanda aka so kamar yadda ya so ni ba." Muka zauna a kan dakalin rijiya muka yi kuka, kayan wankin suna bushewa a bokiti.

Sati biyu bayan nan Safiya da kanta ta roƙi baffanta, ƙanen Yaya, ya mayar wa Habu da kayan sa rana. Nura ya nemi canjin wurin aiki ya bar Abuja. Habu bai taka gidana ba tun lokacin, Sallah biyu ke nan, in na kira shi sai matarsa ta ce ya fita. Wasu a dangi suna cewa boko ya raba zumunci. Ban ce na yi nasara ba. Watakila da an yi auren da yanzu ina goyon jika lafiyayye, kuma wannan watakilar za ta bi ni har kabari.

In na auna abin da ya rage na Yaya Sa'idu, ba shi da yawa a ido. Ofis sun kwashe fayilolinsa, ban ji an sake buɗe su ba. Rugar ta tashi. Sunansa yana nan a bayan na Safiya a takardun makaranta, amma 'ya'yanta sunan wani za su amsa, don haka da za a bi dabararsa ta farko, nan da hawa ɗaya babu wanda zai san ya taɓa zuwa duniya. Abin da ya rage shi ne shafi huɗu da suka faɗa wa 'yarsa gaskiya a lokacin da dukanmu muke son a yi shiru. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haɗa ka da yaranka biyu. Na yafe maka maganar Tungan Maje, kai ma ka yafe mini kwana ukun nan.

Makon jiya Safiya ta ce in bar mata littafin, don yaran dangi masu tasowa, duk wanda ya tambaya ta nuna masa. Na ba ta. Ta sa shi a jaka, ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta zare jan biron daga tsakiya ta ajiye mini a kan tebur. Ta ce, "Wannan ki riƙe, Umma. In Allah Ya yarda ba zan buƙace shi ba."